Ja Daban, Kore Daban

Duk wanda ya san Iliasu a unguwar Aboabo ta Kumasi zai gaya maka abu biyu a kansa: yana da hannun kiwo, kuma ba ya mantuwa. Hannun kiwon gado ya yi. Mahaifinsa kaji da zabi yake sayarwa, kuma tun Iliasu bai fi tsayin akurki ba yake duban idon kaza ya ce wannan ba za ta kai jibi ba, kuma ba ta kaiwa. Rashin mantuwar ne ba a san inda ya samo shi ba. In ka taka shi ba zai ce maka kanzil ba. Zai gaishe ka, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya kai abin wani lungu na cikinsa ya ajiye. Mahaifiyarsa takan ce gara ta ji Iliasu ya zagi mutum da ta ga ya yi masa shiru.

A 2014 ya sauka Doha a matsayin lebura, cikin waɗanda ake ɗiba a bas tun asuba a kai su Lusail zuba kankare. Shekara biyu ya yi yana shaƙar ƙurar siminti. Abin da ya fitar da shi wata Juma'a ce da ya shiga kasuwar tsuntsaye, kallo kawai ya kai shi. Ya tarar da wani dattijo ɗan ƙasa yana cinikin aku. Iliasu ya dubi akun, ya ga jelarsa tana rawa da kowane numfashi, sai bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce da guntun Larabcinsa wannan tsuntsu ba shi da lafiya. Mai shago ya watsa masa harara. Dattijon kuwa, Hajji Salem, ya fasa cinikin ya tambayi sunansa. Kafin wata uku ya zama kafil ɗin Iliasu, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, ya kai shi gidansa da ke Mesaimeer.

A bayan gidan akwai wani dogon ɗaki mai na'urar sanyi, an jera manyan kejuna hagu da dama, an bar hanya a tsakiya. Tsuntsayen ciki duk na tsibiran gabas ne, kuma mai kula da su wani tsoho ne siriri, Pak Udin, mutumin tsibirin Seram a ƙasar Indunusiya. Pak ɗin nan a wurinsu kamar Malam ne a wurinmu. Ba su da yare ɗaya shi da Iliasu sai Larabcin kasuwa da nuni da hannu, amma sahu ɗaya suke sallah, kuma hakan ya ishe su. Tsohon ya nuna masa farin aku mai tukku ruwan goro, wanda ya ce a kurminsu in ya yi ihu ana jin sa daga wannan ƙauye zuwa wancan. Ya nuna masa wasu ƙanana masu harshe kamar burushi, waɗanda ruwan fure ne abincinsu. Har ya ba shi labarin wata kazar daji a tsibirinsu da ba ta kwanci, sai ta tona rairayin bakin teku ta binne ƙwanta ta tafi, ɗumin rana ya ƙyanƙyashe. Wannan kam Iliasu, ɗan mai kaji, bai taɓa yarda da shi ba, ya ce ko dai Pak Udin yana zolayarsa ko kuma kazar ba ta da tarbiyya.

Amma darasin da ya fi zauna masa shi ne na waɗansu aku huɗu. Biyu kore shar, bakinsu ruwan lemo. Biyu ja wur, ƙirjinsu shuɗi, bakinsu baƙi. Duk mai ido zai rantse jinsi biyu ne. Pak Udin ya ɗaga yatsa ɗaya a gaban hancin Iliasu ya ce jinsi ɗaya ne: kore duk maza, ja duk mata. A kurmi macen takan shige kogon bishiya ta yi watanni tana gadinsa, namijin ya yi ta yawo yana cika maƙoshi, ya dawo ya ɗura mata baki da baki. Ya kuma ja masa kunne a kan abu biyu. Kada ya taɓa haɗa mata biyu a keji ɗaya. Kuma macen da aka bari tana ta zuba ƙwai ba hutu, jikinta zai ƙare, wata rana ƙwan ya maƙale mata.

Ɗaya daga cikin jajayen ta iso gidan ne tana jaririya, rai a hannun Allah. Iliasu ya lanƙwasa cokalin shayi ya yi kwana arba'in yana ba ta kunu da shi, sau biyar a rana. Ta rayu, ta girma da baƙin hali, tana cizon kowa ban da shi, ya sa mata suna Barkono. Koren da aka haɗa ta da shi, wani salihi mai sanyin jiki, ya zama Alayyahu. Kafin Pak Udin ya koma tsibirinsu a 2018 ya damƙa wa Iliasu makullan ɗakin, Barkono ta riga ta ɗauke muryar tsohon. Da ta hango Iliasu sai ta ce, "Iliasu, yalla!", wato yi maza, yadda tsohon yake kiransa. Mutumin da ya bar mata da 'ya a Kumasi, yake ganinsu sau ɗaya a shekara biyu, ba sai an gaya maka abin da wannan kira yake yi masa a zuciya ba. Son tsuntsuwar nan yake yi, bai kuma ɓoye ba.

Da aiki ya yi masa yawa, Hajji Salem ya ce ya kawo mutum daga garinsu. Iliasu ya kawo Mubarik, maƙwabcinsu a Aboabo, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ya yi suna da kiwon tattabaru a saman rufin gidansu. Iliasu ne ya tare shi a filin jirgi, ya raba masa katifa, ya koya masa wanke keji da yanka gwanda. Mubarik mutum ne mai zaƙin baki, ba ya buɗe baki sai da "Bra Iliasu", wato yaya Iliasu, amma bai taɓa tambayar komai game da tsuntsayen ba. A ganinsa wanda ya iya tattabara ya gama sanin duk mai fiffike.

A ƙarshen 2019 Hajji Salem ya rasu, gidan ya koma hannun ƙanensa Abu Jasim. Shi wannan mutumin shaho ne, aku a wurinsa surutu ne kawai, amma ya riƙe ɗakin don tunawa da ɗan'uwansa. Bayan wata biyar korona ta kama Iliasu, motar asibiti ta zo ta tafi da shi wurin killacewa. Kwana ashirin da uku ya yi yana tari, kuma kullum sai ya aika wa Mubarik saƙo yana tambayar tsuntsaye. Amsa ɗaya yake samu, wai komai lafiya.

Ranar da ya dawo, tun daga bakin ƙofa warin maganin feshi ya buge shi. Mubarik, don tsoron cutar, ya yi ta feshe ɗakin safe da yamma, tagogi a rufe. Farin akun nan mai tukku, wanda marigayi ya fi so, ya mutu tun a mako na farko. Abu Jasim yana tsaye can nesa da takunkumi a fuska, Mubarik a gefensa, makullai a hannunsa. Ashe an riga an gama shari'ar Iliasu tun yana kwance. Mubarik ya gaya wa maigidan cewa Iliasu ya ɓoye zazzaɓi kwana da kwanaki yana shiga cikin tsuntsaye, shi ya sa wa farin akun cuta. Don ya ƙara wa miyar gishiri, sai ya ja Abu Jasim zuwa kejunan aku huɗun nan.

"Baba, duba da idonka," in ji shi, yana haɗa Larabci da hannu. "Ja da kore ya haɗa. Shekara nawa ba ɗan tsako ko ɗaya? A wurinmu fari da fari ake haɗawa, baƙi da baƙi. Ni na gyara. Ja daban, kore daban."

Haka kuwa ya yi. Barkono da ɗaya jar suna keji ɗaya a hagu, Alayyahu da ɗaya koren suna dama, hanya ta raba su. Dokar masu tattabara ce ya ɗauko daga rufin Aboabo ya kawo ta nan, don su launi suke bi kada iri ya ɓaci. Abu Jasim ya gyaɗa kai, domin a wurin shaho ma mace da namiji kusan kamarsu ɗaya, girma ne ya raba su. Gaskiyar magana kuwa tsuntsayen a lokacin ne ma suke isa haihuwa. Da an bar su, da a shekarar an ga 'ya'ya.

Maganar ta zo wa Iliasu har kan harshe. Kalma huɗu ce za ta warware komai: kore maza, ja mata. Sai ya dubi Mubarik, mutumin da ya raba wa katifa, ya ga yana kaɗa makullai a yatsa, ko kunyar haɗa ido ba ya ji. Ya haɗiye kalmomin nan huɗu, ya ce, "To, Baba." Daga ranar aka mayar da shi wankin motoci da ba ciyawa ruwa, aka hana shi taka ɗakin tsuntsaye.

A ranar ya yanke hukuncinsa. Ba zai kai ƙara ba, ba zai yi rantsuwa ba, ba zai taɓa ko gashin tsuntsu ɗaya ba. Zai bar Mubarik da iliminsa na tattabara ya yi ta jiran mata biyu su haifa masa ɗa, maza biyu su yi masa ƙwai. Sai ranar da ƙaryar ta nuna ta yi luguf, a gaban mutane, sannan zai tsinke ta. Ni dai ban ga laifinsa a ranar ba. Butulci irin wannan, wanda aka yi wa ne kaɗai ya san zafinsa.

Abin ya yi masa daɗi da farko, kada ma a ɓoye. Bayan wata biyu aka ga ƙwai biyu a akwatin jajaye. Mubarik ya fito da gudu ya kira Abu Jasim, ya ce ga shi nan, wata biyu kacal ya yi abin da wani ya kasa a shekaru. Ya nuna ɗaya jar ya ce ita ce namijin, tunda ta fi girman kai. Iliasu yana riƙe da tiyo a bayan taga, sai da ya ciji leɓe kada dariya ta ƙwace masa. Aka jira wata guda, ƙwai ya zama baragurbi. Aka kwashe, Barkono ta sake zubawa, aka sake kwashewa. Mubarik ya ɗora laifin a kan na'urar sanyi, ya ɗora a kan abinci, ya ɗora a kan ƙarar motoci. Koraye kuwa da suka ƙi yin ƙwai, ya ce macen cikinsu juya ce. Wayar da ke aljihunsa za ta iya gaya masa gaskiya a minti ɗaya, amma sai mutum ya yi shakka yake tambaya, kuma ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Sai dai tagar da Iliasu yake leƙen Mubarik ta cikinta, ita ce kuma take nuna masa Barkono. Kowace safiya Alayyahu zai ci ya ƙoshi, ya manne a wayar kejinsa yana kaɗa kai, ya dawo da abincin bakinsa don ya ɗura mata, ya rasa bakin da zai karɓa, abincin ya zube ƙasa. Ita kuma tana ɗaya gefen tana kiransa. Jajayen biyu suka yi ta faɗa a kan akwati har Barkono ta rasa farce ɗaya. Cikin shekara ta biyu ta fara figar gashin ƙirjinta, shuɗin nan ya tafi, fata ta fito fili. Duk da haka in ta hango shi ta taga sai ta ce, "Iliasu, yalla!" Shi kuma sai ya juya tiyo wani wajen.

Matarsa Wasilatu ce kaɗai ta san zancen, don ita yake kira kowace Lahadi. Da farko ta taya shi tsine wa Mubarik, har ta daina gaida matarsa a famfo. Da tafiya ta yi nisa sai muryarta ta sauya.

"Baban Adisa, tsuntsun nan me ya yi maka?" ta tambaye shi wata rana. "Je ka gaya ma mai gida, magana ya ƙare."

"Ƙaryan shi bai nuna ba tukuna," in ji Iliasu.

"Kai da bakinka ka ce tsoho ya gaya maka ƙwai zai iya kashe shi."

"Na san lokacin. Ina kallo."

Ta ce Allah ya kyauta, ta miƙa wa 'yarsu wayar.

Sau ɗaya Mubarik ya kusa tambaya. Wata Juma'a ce a unguwar Madinat Khalifa, a ɗakin wani dattijon 'yan Zangon Ghana, Aruna, inda suke taruwa bayan masallaci su ci tuwo da miyar ayoyo. A lokacin Mubarik ya fara ramewa, don Abu Jasim ya fara kallonsa a kaikaice. Ya matso kusa da Iliasu a wurin wanke hannu, ya rage murya.

"Bra Iliasu, tsuntsayen nan... lokacin tsohon, akwai wani magani da yake ba su?"

Da mutumin nan ya ce, na yi maka ƙarya, ka yafe ni, wataƙila da labarin ya ƙare a bakin bokitin nan. Amma magani ya tambaya, kamar wanda ya zo aron gishiri. Iliasu ya yarfe ruwan hannunsa a hankali, ya dube shi da murmushi.

"Ɗan'uwa, ni mai wankin mota ne. Kai ne mudir, shugaban ɗaki."

Ya koma ya zauna, kuma ya daɗe bai ci tuwo mai daɗin na ranar ba.

Sai gasar kofin duniya ta zo, gari ya cika ya batse, tutoci a kowane gini. Abu Jasim yana da baƙi daga ƙasashen maƙwabta, abokan marigayi, masu son ganin tsuntsayen da Hajji Salem ya bari. Ya sa ranar liyafa, Juma'a biyu ga Disamba, bayan masallaci. Mubarik kuwa ya riga ya yi masa alkawari da rantsuwa cewa wannan karon baƙi za su ga 'yan tsaki. Ranar ta zo daidai da wasan Ghana da Uruguay, kuma duk ɗan Ghana da ke Doha ba shi da zance sai na ramuwa. Shekara goma sha biyu suna riƙe da zafin ƙwallon nan da ɗan wasan Uruguay ya tare musu da hannu a bakin raga. Iliasu ya ji ranar kamar don shi aka tsara ta.

Ranar Laraba da safe ya zo da tiyonsa bakin taga, bai ji kira ba. Ya leƙa. Barkono tana ƙasan keji, ta buɗe ƙafafu, gashinta a tashe, jelarta tana rawa da kowane numfashi. Idon da ya gane ciwon aku a kasuwa daga nesa bai buƙaci a gaya masa ba. Ƙwai ya maƙale. Ya tsaya ruwa yana zuba a kan takalminsa. Ƙofar Abu Jasim taku ashirin ce daga wurin. Amma in ya faɗa yau, a gaban wa? Maigida zai yi faɗa a tsakar gida, a gyara, a manta. Jibi kuwa majalisa cike take. Ya ce a ransa kwana biyu ne, tana da taurin rai, tun tana jaririya ta ƙi mutuwa. Ya ja tiyonsa ya yi gaba.

Ranar Juma'a bayan an ci an sha, Abu Jasim ya jagoranci baƙinsa su takwas zuwa ɗakin tsuntsaye. Iliasu yana biye da su daga nesa, da tsumman goge mota a kafaɗa. Wani dattijo cikin baƙin ya tambayi ina 'yan tsakin da aka ce. Mubarik ya buɗe akwati, babu komai sai ƙwai ɗaya mai sanyi. Ya fara zancen na'urar sanyi. Fuskar Abu Jasim ta haɗe, don ba a kunyata Balarabe a gaban baƙonsa a kwana lafiya. Nan Iliasu ya tako bakin ƙofar da aka hana shi shekara biyu da rabi.

"Baba, ka ba ni izini in buɗe keji ɗaya. Ba zan ce komai ba."

Abu Jasim ya dube shi, ya dubi baƙi, ya ce, "Yalla."

Iliasu ya miƙa hannu, Mubarik ya sa masa makullai a tafi ba tare da ya san ya yi ba. Ya buɗe kejin koraye ya ja da baya. Alayyahu bai yi wata-wata ba. Ya tsallake hanyar da fiffike biyu, ya manne a wayar kejin jajaye, ya gangara ƙasa daidai inda Barkono take, ya fara kaɗa kai. Ita kuma ta ja jiki da ƙyar ta miƙo baki ta cikin waya, ya ɗura mata.

"Wannan mijinta ne," in ji Iliasu. "Kore duk maza, ja duk mata. Shekara biyu da rabi mudir yana jiran mata biyu su haihu."

Wani matashi cikin baƙin ya duba wayarsa, ya ɗaga ta sama, ga hoton ja da kore a reshe ɗaya. Dattijon da ya yi tambaya ne ya fara fashewa da dariya, sauran suka bi, har wani yana riƙe ciki. Iliasu bai tsaya nan ba. Ya faɗi zancen feshi da rufaffun tagogi, ya faɗi abin da ya kashe farin akun marigayi, a hankali, kalma bayan kalma, idonsa a kan Mubarik. Ya ga gumi yana bin wuyan mutumin cikin sanyin ɗakin, kuma wallahi ya ji daɗi. Daɗin da ya yi shekara biyu da rabi yana tanadi ne, ya kuma same shi cif yadda ya zata. Abu Jasim ya nuna wa Mubarik ƙofa ya ce, "Khalas," wato an gama. Ya ce ya haɗa kayansa, ya zaɓi gonar awaki a bayan gari ko jirgin Accra.

Da baƙi suka fita, Iliasu ya buɗe kejin hagu ya ɗauko Barkono. Sai da ta zo hannunsa ya san abin da taga ta ɓoye masa. Ba ta da nauyi ko kaɗan, ƙashin ƙirjinta ya fito kamar bakin wuƙa, mararta a kumbure da tauri. Ba ta cije shi ba, ba ta kira shi ba. Aka buga wa likitan dabbobi waya, ya ce yana can wajen gari, hanyoyi a cushe saboda wasa, sai nan da awa uku. Iliasu ya yi duk abin da Pak Udin ya koya masa. Ya kashe na'urar sanyi, ya dafa ruwa ya riƙe ta a kan tururi, ya shafa mata man zaitun da ɗan yatsa, ya ɗiga mata ruwan sukari da tsohon cokalin nan da ya samu a inda ya bar shi. Da ranar Laraba aka yi wannan, da ya wadatar. Shi ma ya san haka, kuma sanin ya fi komai ci masa rai.

Daga ɗakin direbobi yana jiyo wasan. An zura wa Ghana biyu tun kafin hutun rabin lokaci, ɗakin ya mutu. Can wajen ƙarshe sai ihu ya ɓarke, har da buga bokiti. Wani ɗan Ghana cikin direbobin ya leƙo yana haki ya ce an cire mu, amma su ma an cire su, mun ja su mun fita tare. Iliasu bai ɗago ba. Barkono ta riga ta saki wuya a tafin hannunsa, idonta a rufe rabi.

Yana nan zaune a ƙasa Mubarik ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa a kafaɗa, direba yana jiransa a waje. Ya dubi abin da ke hannun Iliasu ya daɗe. Muryarsa ba ta da zaƙin nan na da.

"Bra Iliasu, na cuce ka, Allah ya gani. Amma tsuntsun nan, ni ban sani ba." Ya gyara jakar. "Kai fa?"

Bai jira amsa ba, ya tafi.

Iliasu yana gidan har yau, makullai a ƙugunsa, ba mai taka ɗakin sai da izininsa. Ɗaya jar da ɗaya koren sun ba shi 'yan tsaki biyu a shekarar da ta biyo, Abu Jasim yana nuna su ga kowane baƙo yana yabon mutumin Ghana. Ya binne Barkono a gindin wani dabino, cikin ciyawar da ya yi shekara biyu da rabi yana ba ruwa, kuma bai taɓa gaya wa Wasilatu zancen ranar Laraba ba. Alayyahu ya ƙi kowace macen da aka kawo masa. Shi da ba a taɓa jin ya yi magana ba, bayan wata biyu ya buɗe baki, kuma kalma biyu kaɗai ya iya, waɗanda ya yi shekaru yana ji daga ɗaya gefen hanya. Kowace safiya in Iliasu ya sa makulli a ƙofa, sai ya tsaya jim kafin ya murɗa, domin ya san abin da zai ji daga kejin dama.

"Iliasu, yalla!"